Sai Na Zama Marar Laifi Kafin In Yi Wa Ɗan'uwana Magana?

Tambaya: Akwai wani ɗan'uwa da muke hidima tare a ikkilisiya. Yakan yi alkawari ya saɓa, in an tambaye shi kuma ya rufe da ƙarya. Duk sa'ad da na ɗauko zancensa sai a ce mini, "Kada ka hukunta, cire gungumen idonka tukuna." Na san ina da nawa laifofin. To, sai na zama marar laifi ne kafin in buɗe baki? In kuwa binciken kai ake nufi, yaya ake yin sa a aikace?

Amsa: Ɗan'uwa, ba sai ka zama marar laifi ba. Da haka ake nufi, da babu mai iya gyara wa kowa har duniya ta naɗe, domin 1 Yohanna 1:8 ta ce duk wanda ya ce ba shi da zunubi ruɗin kansa yake yi. Waɗanda suka ce ka fara da idonka sun yi gaskiya, sai dai rabin ayar suka karanta maka. Buɗe Matiyu 7:5 ka bi ta har ƙarshe. Ubangiji Yesu ya ce a fara cire gungumen, sa'an nan a gani sosai yadda za a cire hakin da ke idon ɗan'uwa. Aiki biyu ne a jere, na farko shi ke buɗe wa na biyu hanya. Wanda ya tsallake na farko, Yesu ya kira shi munafuki. Wanda ya tsaya a na farko kuma, ya bar ɗan'uwansa da haki a ido.

Kalmomin da aka yi amfani da su a Helenanci, harshen da aka rubuta Sabon Alkawari da shi, suna ƙara haske. Hakin shi ne "karfos", wato busasshen tsinke, ƙaiƙayi ko ɓurɓushin itace. Gungumen kuwa "dokos" ne, babban katakon da rufin ɗaki ke kwanciya a kansa. Mai maganar masassaƙi ne, kamar yadda Markus 6:3 ta faɗa, ya san nauyin wannan, ya san kuma zafin wancan in ya faɗa ido. Misalin ya zaɓi ido da gangan. Ido ba ya jure haki komai ƙanƙantarsa, amma kuma babu gaɓar da ta fi shi saurin lalacewa a hannun mai garaje. Mutum ba ya miƙa idonsa sai ga wanda ya amince da ganinsa da sanyin hannunsa. Duk binciken kan da za mu yi bayani a kai, manufarsa ke nan: ka zama mutumin da za a iya miƙa wa ido.

Sai a bambanta hukuncin da aka hana da wanda aka umarta. A cikin sura ɗin nan ta 7 ta Matiyu, aya 15 zuwa 20, Yesu ya ce a yi hankali da annabawan ƙarya, a gane su ta 'ya'yansu, wannan kuwa ba ya yiwuwa sai an auna. A Yohanna 7:24 ya ce a yi hukunci na gaskiya, a daina bin ganin ido. Manzo Bulus ma ya tsawata wa Korantiyawa don sun ƙi hukunta abin da ke faruwa a cikinsu (1 Korantiyawa 5:12). Saboda haka faɗin cewa ƙarya zunubi ce bai shiga abin da aka hana ba. Agustin, bishop na Hippo a Arewacin Afirka, da yake bayanin wannan huɗuba da Yesu ya yi a kan dutse, a ƙarshen ƙarni na 4, ya ware wurare biyu da hukunci ke zama ganganci: idan ba a san niyyar da aka yi abu da ita ba, da idan ba a san irin mutumin da mai laifin zai zama nan gaba ba. "Ya ce zai zo ranar Talata bai zo ba" magana ce da idonka zai iya shaida. "Da gangan ya yi don ya raina ni" ta shiga zuciya, wadda 1 Sama'ila 16:7 ta ce Ubangiji ne ke dubanta. "Ba zai taɓa canzawa ba" kuwa ta hau kujerar ranar shari'a. Akwai wuri na uku, wanda Romawa 14 ta yi magana a kai: al'amuran da Nassi ya bar wa lamirin kowa, irin su cin wani abinci ko girmama wata rana. A nan Bulus ya tambaya, wane ne kai da za ka hukunta baran wani?

Me ya sa ake bukatar wannan umarni tun farko? Domin idon ɗan adam haka yake. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Idan kai ka saɓa alkawari, ka san gajiyar da ta same ka da matsin da kake ciki, sai ka auna kanka da niyyarka. Idan wani ya saɓa, aikin kaɗai kake gani, sai ka auna shi da aikinsa. Mudu biyu ke nan a hannu ɗaya, Matiyu 7:2 kuwa ta ce mudun da ka auna wa mutane da shi za a auna maka.

Dubi Dawuda a 2 Sama'ila 12. Ya ɗauki matar Uriya, ya shirya mutuwar mijin a bakin daga, ya zauna watanni har aka haifi yaron bai furta komai ba. Annabi Natan ya zo masa da labarin attajirin da ya ƙwace 'yar tunkiya guda ɗaya tak ta matalauci. Nan take Dawuda ya husata ya ce mutumin ya cancanci mutuwa, kuma zai biya ninki huɗu. Ninki huɗun daidai ne da shari'a, haka Fitowa 22:1 ta tsara a kan satar tunkiya. Amma kisan fa? Shari'a ba ta ce a kashe ɓarawon tunkiya ba. Wannan ƙarin zafin daga cikin Dawuda ya fito. Haka ma Yahuza a Farawa 38: da ya ji Tamar, matar ɗansa, ta yi ciki ya ce a fito da ita a ƙone, sai ta nuna hatiminsa da sandarsa, shaidar cewa cikin nasa ne, ya amsa da bakinsa cewa ta fi shi gaskiya. Darasin da ke nan mai amfani ne ƙwarai a aikace. Idan fushinka ya fi girman laifin da kake kallo, bambancin da ke tsakaninsu naka ne, a nan za ka fara tono.

Wani zai ce, to idan laifinsa ya fi nawa girma a zahiri fa, yaya nawa zai zama gungume? Yana iya fin naka. Amma ɗan yatsa in ya matso ido yakan rufe dutse, naka ne ke kusa, shi ne ke tare maka gani. Ban da haka, nasa ɓangare kaɗai ka sani, naka kuwa ka san shi ciki da bai. A misalin Matiyu 18:23-35, bawan da aka yafe wa talanti 10,000 ya shaƙe abokinsa a kan dinari 100. Talanti ɗaya dinari 6,000 ne, dinari kuwa ladan wuni guda. Wato abin da aka yafe masa ya ninka abin da yake bi sau 600,000. Agustin ya ƙara wani abu mai tsoratarwa: ya ce fushi kamar haki ne, amma in ya daɗe ya zama ƙiyayya, ya zama gungume. Mutum zai iya fara da gaskiya a hannunsa, ya riƙe ta watanni yana juya ta a zuci, har ta rikiɗe ta fi laifin da ya haife ta muni.

Yanzu ga yadda za ka yi. Ka yanka wa kanka lokaci, kwana uku zuwa bakwai, kada ya wuce haka, kuma a cikinsu kada ka yi wa kowa zancen mutumin. Kowace rana ka ware kamar minti goma sha biyar da takarda da alƙalami. Rubutun yana da muhimmanci, domin abin da ke yawo a ka yakan kumbura, a takarda kuwa yakan koma girmansa na gaskiya. Ka fara da addu'ar Zabura 139:23-24, ka roƙi Allah ya bincike ka. Ba don cika ƙa'ida ba ne: Irmiya 17:9 ta ce zuciya ta fi komai yaudara, wanda ake tuhuma kuwa ba ya zama alƙalin kansa.

Ranar farko, rubuta ƙarar a jimla ɗaya: me ya yi, yaushe, a ina. Ka soke "kullum", "bai taɓa" da "halinsa ne". Daga nan ka raba abin da ka sani kashi uku: wanda ka gani ko ka ji da kunnenka, wanda aka gaya maka, da wanda ka zata. Sau da yawa kashi na farko layi biyu ne, na uku kuma ya cika shafi. Na farkon kaɗai kake da izinin ɗauka zuwa wurinsa. Sai ka rubuta ayar da aikin ya karya. A batunka akwai ta, Afisawa 4:25 da Matiyu 5:37. Idan mutum ya nema bai sami aya ba, mai yiwuwa abin da ke damunsa bambancin hali ne, wannan kuwa haƙuri yake bukata.

Rana ta biyu ta fi wuya. Ka cire sunansa daga jimlar ka sa naka. Romawa 2:1 ta ce mai hukunta wani yana yin irin abubuwan nan. Kada ka tsaya a kamannin aikin, ka bi saiwarsa. Wataƙila ba ka saɓa alkawari irin nasa, amma ka taɓa cewa "zan yi maka addu'a" ba ka yi ba? Ka taɓa cewa "ina hanya" alhali ba ka fita ba? Ka taɓa ba da labari ka datse wurin da bai yi maka kyau ba? Saiwar ƙarya yawanci tsoron mutane ne da son a gan ka da kyau. Ka nemi wannan saiwar a cikin wata ukun da suka wuce, ka rubuta abin da ka samu da sunansa da ranarsa.

Akwai kuma abin da tambayarka ta nuna, ka yi haƙuri da mu a kansa. Ka ce duk sa'ad da ka ɗauko zancensa sai a ce maka kada ka hukunta. Wa kake ɗauko wa zancen? Da alama wasu ne, shi kansa bai ji daga bakinka ba. Ka ƙirga mutum nawa ka gaya wa, ka rubuta sunayensu. Matiyu 18:15 ta ce ka je ka nuna masa laifinsa tsakaninku biyu kaɗai, Yakubu 4:11 kuma ta hana kushe ɗan'uwa a bayan idonsa. In dai haka abin ya faru, ga gungumen nan, ba sai an je nesa ba, kuma shi ne ainihin wanda ya shafi wannan magana. Mutane sukan tono tsofaffin zunubai da ba su da alaƙa da batun, su tuba a kansu, su bar wanda ke zaune a tsakiyar rikicin.

Rana ta uku ta niyya ce. Tambayoyi uku sun isa. Idan ya tuba gobe a ɓoye, ba wanda ya san kai ka fara gani, za ka yi murna ko za ka ji an rage maka wani abu? Idan amininka ne ya yi daidai wannan, da wane suna za ka kira aikin? Za ka iya ambaton sunansa a addu'a ka roƙa masa albarka a gidansa da hidimarsa ba tare da ka soka gyara a ciki ba? Idan ta ukun ta gagara, lokacin zuwa bai yi ba.

Gwano ba ya jin warin jikinsa, shi ya sa mai Zabura ya roƙi a tsarkake shi daga ɓoyayyun laifofi (Zabura 19:12). Ka nemi mutum ɗaya da ya manyanta a bangaskiya, wanda ya san ka sosai, ka tambaye shi: "A wajen cika magana da yadda nake zancen mutane, me kake gani a gare ni?" Zancenka za ku yi, kada sunan wancan ya fito. Ka saurara ba musu. In ka kāre kanka sau ɗaya, ba zai ƙara gaya maka gaskiya ba.

Gano gungume dabam, cire shi dabam. Cirewa ita ce furta zunubin ga Allah da sunansa (1 Yohanna 1:9), sa'an nan gyara abin da ke gyaruwa. Zakka mai karɓar haraji ya yi alkawarin mayar da ninki huɗu ga waɗanda ya zalunta (Luka 19:8). Matiyu 5:23-24 ta ce a bar baiko a gaban bagade a je a shirya da ɗan'uwa tukuna. A wurinka wannan na nufin komawa ga mutanen da ka rubuta sunayensu, ka ce, "Abin da na faɗa maka a kan wane, bai kamata in kawo maka ba, wurinsa ya kamata in je. Ka gafarce ni, kada kuma ka kai shi gaba." Kada ka maimaita ƙarar a cikin neman gafarar. Magana zarar bunu ce, ba za ta dawo duka ba, amma za ka tsayar da yaɗuwarta.

Ikkilisiya ta daɗe da sanin cewa wannan aiki ya fi sauƙi ga wanda ya mai da shi abin kowace rana. Ignatiyus na Loyola, malamin ikkilisiyar Katolika wanda ya rasu a 1556, ya koyar da bincike mai matakai biyar: godiya, roƙon haske, bin ranar daki-daki, neman gafara, da ƙudurin gyara. Ya sa godiya a gaba, kuma da hikima, domin wanda ya fara da alherin Allah yana iya kallon laifinsa ba tare da ya gudu ba. Martin Luther, a ƙaramin katakizim ɗinsa na 1529, wato littafin koyar da bangaskiya, ya fassara dokar hana shaidar zur da cewa ta haɗa da kāre maƙwabci, faɗin alherinsa, da yi wa ayyukansa kyakkyawar fassara. An kuma ruwaito daga sufayen hamadar Masar na ƙarni na 4 cewa an kira Abba Musa zaman shari'ar wani ɗan'uwa, sai ya zo da kwando mai huji cike da yashi a bayansa, ya ce zunubansa suna zuba a bayansa bai gan su ba, ga shi ya zo hukunta na wani. Da suka ji haka suka yafe wa mai laifin.

Inda abin ya fi lalacewa shi ne tuban baki. Mutum ya ce "dukanmu masu zunubi ne", ya ɗauka ya sayi izinin sara. Furcin da bai ambaci zunubi ko ɗaya da suna ba bai cire komai ba, wanda ake yi wa magana kuma yakan gane haka cikin daƙiƙa. Kishiyarsa shi ne binciken da ba ya ƙarewa. "Wane ni da zan yi magana" tana kama da tawali'u, amma sau da yawa tsoron fuskantar mutum ne ya yafa mayafi. Littafin Firistoci 19:17 ya haɗa abu biyu a aya ɗaya: kada ka ƙi ɗan'uwanka a zuci, ka tsawata masa a fili. Shirun da ake yi da ciwo a ciki, ƙiyayya yake haifa. Wannan ne dalilin yanka kwanaki. Wasu kuma, masu taushin lamiri, sukan nutse cikin zargin kai har su yanke ƙauna. Ma'auninsu yana 2 Korantiyawa 7:10: baƙin ciki irin na Allah yana kai ga tuba, na duniya yana kai ga mutuwa. Na farko yakan nuna abu takamaimai da hanyar gyara shi, na biyu yakan ce kai duka ba ka da amfani. In binciken ya koma irin na biyu, ka dakata ka nemi fasto ko dattijo ya taya ka. Sai kuma tarkon Bafarisiyen Luka 18, wanda ya bincika kansa ya sami azumi biyu a mako da zakka, domin da mai karɓar haraji yake gwada tsayi. Da Almasihu ake gwada tsayi.

In kwanakin sun cika, ka je. Galatiyawa 6:1 ta ce a maido da wanda ya faɗi cikin ruhun tawali'u, kana lura da kanka kada kai ma a jarabce ka. Kalmar "maido" a wurin ita ce aka yi amfani da ita a Markus 1:19 ga masunta masu gyaran taru, wato ɗinke abin da ya yage don ya koma aiki. Ka same shi fuska da fuska, ku biyu, a lokacin da ba ya gaggawa. Kada ka aika saƙon waya, domin rubutu ba shi da murya, kuma ana iya tura shi gaba. Magana ɗaya za ka kai, ba tarin shekara ba. In ka yi zancensa a waje, da wannan za ka fara, ka nemi gafara ba tare da "amma" ba. Daga nan ka faɗi abin da ka gani, ka yi tambaya: "Ka ce za ka kawo ranar kaza, da aka tambaya ka ce ka riga ka kawo. Ban gane ba, me ya faru?" Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, Karin Magana 18:13 kuma ta kira amsa kafin ji wauta da abin kunya. Yana iya fito da wani bayani da zai rushe rabin abin da ka zata.

Yana iya kuma cewa, "Kai fa?" Kada ka yi musu. Ka ce, "Gaskiya ne, in ka ga wani abu a gare ni ina son ji, yau ko wata rana." In ya faɗa, ka karɓi abin da ke gaskiya a ciki, sa'an nan ka koma kan maganar da ta kawo ka cikin natsuwa. Laifinka bai goge nasa ba. Kada ka matsa sai ya amsa a zaman farko, mutane da yawa sukan musa da rana su tuba da dare. Ka ba shi mako ɗaya ko biyu. In ya ƙi ji kuma abin ya ci gaba, Matiyu 18:16 ta ce ka ɗauki mutum ɗaya ko biyu, bisa ƙa'idar shaidu ta Maimaitawar Shari'a 19:15. Ka zaɓi waɗanda shi ma yake girmamawa, waɗanda za su iya ce maka kai ne ba ka da gaskiya. Bayan wannan ne maganar ke isa ga ikkilisiya ta hannun dattawanta. In wanda ake ƙara dattijo ne, 1 Timoti 5:19 ta ce ba a karɓar ƙarar sai da shaidu biyu ko uku.

Duk wannan tsari na laifi ne irin wanda ka kawo, tsakanin 'yan'uwa biyu da za su iya zama su yi magana. Idan abin da mutum ya gani cin zarafin yaro ne, ko dukan mace, ko barazana ga rai, babu jiran kwana bakwai, babu kuma tura wanda aka cuta ya je shi kaɗai wurin wanda ya cuce shi. A sanar da shugabannin ikkilisiya da hukuma nan take, domin Romawa 13:4 ta ce mai mulki ma'aikacin Allah ne don hukunta mai mugunta. Mai kai rahoton zai bincika zuciyarsa daga baya, bayan an kuɓutar da wanda ke cikin haɗari.